Kujerar Kusa da Auta

Mota na gab da cika uwar Auta ta iso tasha tana haki, jaka a hannu, mayafi a karkace. Ta hango Auta a kujerar baya cikin baƙin hijabi har ƙasa, ta matsa ta zauna kusa da ita.

"Umma, me kika zo yi?"

"Tafiya. Matsa min, ƙafata na ciwo."

Tun da Auta ta fara sauraron wani mai wa'azi a waya gidan ya canja. Ta sauke hoton marigayi babanta daga bango, ta daina bin uwar sallah, wai akwai gyara a karatunta. Uwar da ta koya mata Fatiha tana goye da ita a gaban keken ɗinki! Yanzu kuma mutumin ya kafa sansani a bayan gari, ya ce duniya ta lalace, masu son tsira su tattaro su zo. Da safe uwar ta tarar da ɗakin Auta wayam.

"Wurin ba naki ba ne, Umma."

"Ba ke kika ce can ne tsira ba? Sai ki shige Aljanna ki bar ni a waje? Ai ban haife ki don haka ba."

Mota ta tashi. Uwar ta buɗe jaka tana laluben ruwa, kwalbar maganin hawan jininta ta gangaro kan cinyar Auta. Yarinyar ta ɗauka ta juya ta a hannu.

"Ba a shiga da magani. A bakin ƙofa ake karɓewa. Malam ya ce raunin imani ne."

"To, sai su karɓe."

"Likita ya ce in kika daina sha za ki iya faɗuwa."

"Ya faɗa. Amma kin fi ni sanin addini yanzu, 'yar nan. Abin da kika ce shi za a yi."

Uwar ta kafe idonta a taga. Shaguna suka fara ƙarewa, gonaki suka soma. Auta ba ta saki kwalbar ba.

Can ta ƙwanƙwasa jikin mota. "Direba, akwai sauka."

Suka tsaya a bakin titi, ƙura na lafawa.

"Ba fasawa na yi ba," in ji Auta. "Gida zan mayar da ke."

"Na sani. Kama ni mu tsallaka."