Shaidun Jatau

Shekarar da masu awon hanyar jirgin ƙasa suka iso Tsafe, turakunsu suka ratsa tsakiyar gonar Jatau. Gonar nan kuwa ita ce duk abin da ya mallaka a duniya. Marigayi ubangidansa ne ya yanka masa ita ranar da ya 'yanta shi, a gaban dattawa. Aka dasa gamba a iyaka, aka raba goro, aka shafa fatiha.

Da aka ce ya tashi, Jatau, bawan Allah, ya ɗauka musu ake yi masa. To, maganin musu ai shaida. Ya niƙi gari har Bungudu, inda shaidunsa biyu da suka rage suke zaune: Malam Attahiru da tsoho Bawa, wanda ya makance. Ya ɗora Bawa a jaki, suka zo Gusau, suka durƙusa gaban Baturen mulki.

Attahiru ya yi bayani tiryan-tiryan. Bawa ya rantse. Baturen ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya furta kalma guda da harshensu.

"Mi yac ce?" in ji Jatau.

Haruna tafinta ya sunkuyar da kai. "Ya ce an soke kyautar."

"Wato ƙarya munka yi?"

"A'a, Baba. Ya yarda an ba ka. Wagga kalma tasu ba ta musu ba ce. Abu ne anka yi, kowa ya gani, sai mai iko ya maishe shi kamar ba a taɓa yi ba."

"To wace shaida za ni kawowa?"

"Babu, Baba."

Jatau ya dubi shaidunsa. Da ƙaryata shi aka yi, da ya kwaso rabin Tsafe su rantse gonarsa ce. Amma wanda ya ce gaskiyarka ce, sannan ya karɓe, ta ina za ka kama shi? Bawa kuwa bai san an gama ba, sai maimaita rantsuwa yake har aka ɗaga shi.

Ranar da Jatau ya koma gida, hadari ya haɗo daga gabas. Matarsa Maijidda ta tarye shi da ƙwarya cike da irin gero, wanda shi da kansa ya zaɓa zangarniya-zangarniya tun kaka.

"Malam, na sussuke iri," in ji ta. "In anka yi ruwa, gobe sai shuka ko?"

Jatau ya dubi ƙwaryar.

"Daka shi," ya ce. "Ki yi muna tuwo."