Iskar da Babban Jirgi Ya Bari

…kuma har sakwara ake daka mini. Ni! Ina zaune a kan benci a tsakar gidanku, Mariyamu, mamanki Martha tana ta kirɓa doya kamar ranar suna, wai babanki Gimba ya fita sayo lemo mai sanyi, yanzu zai dawo. Lemon me? Su a zatonsu albishir na ɗauko musu daga wurin aiki. "Kawu Sanda, kai ka faɗa musu, ni ba zan iya ba." Haka kika ce da ni a gindin hasumiyar filin jirgi, ko hawaye ba ki yi ba. Da kin yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

To in ce me? 'Yarku ta faɗi gwajin ƙarshe, babu wani bayansa, kuma ni ne mai gwajin? Ni da muka taso da ubanki a kwatas ɗin reluwe, muna kara kunne a jikin dogo mu ji jirgi tun bai iso Minna ba… Ni na ce ya ba ni ke. Na ce yarinyar nan tana da natsuwa, aikin ba jirage izinin sauka da tashi nata ne.

Ta ina ma zan ɓullo masa? Mutumin da doya ya sani, daga kasuwar Paiko sai gida. In ce masa: Gimba, in ƙaton jirgi ya tashi, fikafikansa suna barin wata iska a baya, tana murɗawa kamar guguwar da aka kwantar a ƙasa. Ba a ganinta. Sama garau, titin jirgi fayau, amma tana nan. Ƙaramin jirgi ya faɗa cikinta, kifar da shi za ta yi kamar faranti. Shi ya sa ake jira, minti biyu, wani sa'in uku, a bar ta ta lafa. Kin san wannan. Wallahi ko daga barci aka tashe ki za ki faɗa.

Ranar gwajin, rana tsaka, jirage sun yi layi har kwana, matuƙa sai mita suke a rediyo. Wani ƙaton jirgin kaya ya ɗaga, gilashin hasumiya yana karkarwa. Bayansa ɗan ƙaramin mai farfela, cike da mutane. Minti biyun ba su cika ba, sai na ji muryarki, a natse — an ba ka hanya, tashi. Na fizge rediyon. Tsaya! Tsaya! Matuƙin ya taka birki, tayoyi suna hayaƙi. Ba wanda ya ko ƙwarzane. Na yi daidai. Kowa ya ce na yi daidai, har oga ya dafa kafaɗata.

Martha tana tambaya ko a ƙara mini yaji a miya. Na gyaɗa kai.

Na yi daidai, to me ya sa tun daga Suleja a hanyar zuwa nan nake ta tuhumar kaina? Doka ce. In na ɗaga miki ƙafa yau, gobe wa zai fizge rediyo? Iyalan mutane ne a ciki, ba buhunan masara ba. Amma… kin juyo. Kafin ki danna rediyo, kin juyo kin dube ni. Me ya sa? Ke da idonki ba ya barin titi. Me kika ji?

Ina tsaye a bayanki, kusa ƙwarai. Na dubi layin jiragen nan. Na dubi agogo. Sai na —

Tsaki. Na ja tsaki.

Innalillahi. Mugun halin nan nawa, da matata ta gaji da yi mini faɗa a kansa. Ba da ke nake ba, da layin nake, da zafin rana, da matuƙin da ya cika baki… amma ina za ki sani? Ke da tun kina 'yar mitsitsiya in na ja tsaki sai ki yar da abin da ke hannunki ki ruga aiken da na yi miki. Lokaci bai cika ba, kin sani sarai. Kin bar agogo kin bi ni.

Kuma na'ura maganar rediyo kawai take naɗa. Ba wanda ya ji sai ke. Kwamiti ya tambaye ki ko akwai abin da ya ruɗa ki, kika sunkuyar da kai kika ce babu. Ina zaune a wurin, Mariyamu. Kika ce babu, ni kuwa har da gyara zama.

In na je ran Litinin na faɗa, wataƙila su sake ba ki dama. Wataƙila. Ni kuwa shi ke nan, ba zan ƙara tsayawa bayan kowa ba, ga ritaya a bakin ƙofa, sunan da na yi shekaru ina tattali… Kai, Sanda, ji abin da kake aunawa. Ba ka ji kunya ba?

Ƙofar langa-langa ta yi ƙara. Ga Gimba da kiret ɗin lemo a kafaɗa, gumi sharkaf, baki har kunne.

"Sanda! Yaya 'yar taka ta yi?"

Na miƙe tsaye. Bakina a buɗe yake… ban san da wanne zan fara ba, laifinki ko nawa.