Ramuwa a Dutsen Hatta

Sanda ne ya kawo maganar hawan dutse, ranar da ya zo cin tuwo gidanmu a unguwar Muraƙƙabat, nan Dubai. Abokin mijina Rilwanu ne tun suna Kano, yanzu yana da shagon takalma a kasuwar Naif. Ya shafa tumbinsa ya ce likita ya ba shi zaɓi, ko ya motsa jiki ko ya fara haɗiyar ƙwayoyi. Wai akwai masu kai mutane duwatsun Hatta, a hau da sassafe a sauko kafin la'asar, da jagora da komai.

Ni ba na shiga abin da ban bincika ba. Na karanta bayanin hanyar, na ga sun rubuta ƙarara cewa mai wuya ce, ba a zuwa da yara. Sai na roƙi maƙwabciyata Saratu ta riƙe mini 'yata Ummi Kulsum, wadda ko yaye ta ban yi ba. Na sayi ruwa, na zuba dabino da gyaɗa a leda, na sa garin gishiri da sukari na masu gudawa a jakata. Kowa na haɗa masa jakarsa da hannuna, har da Mahfuza.

Mahfuza ƙanwar Rilwanu ce, autarsu, ba ta cika ashirin ba. Karatu ya kawo ta Dubai, tana zaune da mu. Ranar da za ta taso, Hajiya surukata ta kira ni a waya, ba ɗanta ba. Ta ce, "Sauda, ke na ba wa, ba shi ba. Maza ba sa lura." Tun daga ranar nake kallon yarinyar kamar ni na haife ta.

Ranar Asabar ce, a ƙarshen watan Sha'aban. Muka fita bayan sallar asuba a motar Sanda. A hanya na raba shayi da burodi. Mahfuza ta ce in ta ci abu a mota zuciyarta tashi take, za ta ci in mun isa. Na miƙa mata nata a leda, na ga ta tura cikin jaka.

Jagoranmu wani siririn ɗan Nepal ne, yana da mataimaki guda, da Turanci muke magana da shi. A gindin dutsen ya tara mu da sauran mutanen, yawancinsu 'yan Filifin, ya tambaya ko akwai mai ciwo, ko mai ciki, ko wanda bai karya ba. Kowa ya girgiza kai. Ya duƙa ya duba takalman kowa. Da ya zo kan na Sanda sai ya daɗe yana kallo.

"Habibi, na shagona ne," in ji Sanda. "Kwali guda na sayar jiya."

Rilwanu ya ce, "Shi ya sa masu saya ba sa dawowa. Suna can sun faɗa rami."

Dutsen Hatta ba irin na gida ba ne. Babu ciyawa, babu inuwa, tsakuwa ce baƙa-baƙa mai kaifi da take zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Da safe da ɗan sanyi. Kafin hantsi ya ɗaga, dutsen ya fara mayar mana da zafin kamar murhu. Jagoran yakan tsayar da mu lokaci-lokaci ya ce a sha ruwa, kuma sai ya ga kowa ya ɗaga gora yake cewa, "Yalla," wato mu tafi. Duk tsayawa ina kallon Mahfuza. Takan juya baya, ta shigar da gorar ƙarƙashin hijabinta, ta ɗaga kai. Na ce a raina kunyar sha a gaban maza ce, har na ji daɗin tarbiyyarta.

Hankalina duk yana kan Sanda, da yake huci kamar tsohuwar janareta, yana cewa, "Shwayya shwayya, a hankali jama'a, ina da iyali." Mahfuza kuwa shiru take tafiya. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, Anti.

Bayan azahar muka fara gangarowa ta wata 'yar siririyar hanya, bangon dutse a dama, kwari mai zurfi a hagu. Mutum ɗaya-ɗaya ake bi. Tana gabana. Na ga ƙafarta ta karkace, ta gyara, ta sake karkacewa. Sai kawai gwiwoyinta suka naɗe, jikinta ya tafi hagu.

Ban san lokacin da na cafki igiyar jakarta ba. Na faɗi zaune, na jawo ta jikina, tsakuwa tana zuba cikin kwarin, muna jin ƙararta tana nisa. Salatin da na yi ya dawo mini daga dutsen da ke tsallake.

Jagoran ya iso a guje, shi da Rilwanu suka ja ta zuwa wani ɗan fili a jikin bangon. Idonta a buɗe yake amma ba ya tsayawa a kan kowa. Na taɓa goshinta: zafi zau, kuma a bushe, babu ɗigon gumi. Leɓɓanta sun tsage. Na zare mata jakar don ta samu iska, sai na ji nauyinta kamar yadda na haɗa ta a gida.

Na zuge zif ɗin. Gorunan ruwa suna nan cike. Burodin yana cikin ledarsa, dabinon ko ɗaya ba a taɓa ba. Gorar da take ta ɗagawa tun safe tana aljihun gefe. Na juya ta a hannuna. Murfin ko karya shi ba a yi ba.

Na ɗaga wa jagoran ita. Fuskarsa ta canza. Ya ce tun safe ba ta sha komai ba? Ya duba wuyanta, ya danna farcenta, sannan ya faɗa mana ba tare da kwana-kwana ba: mota ba ta zuwa nan. In ta sha yanzu, tana cikin hayyacinta, wataƙila a samu a sauko da ita da ƙafarta. In ta suma, ba a ɗura wa sumamme ruwa, sai dai ya kira jirgin ceto, kuma bai san yadda za ta kasance kafin ya iso ba.

Rilwanu ya fizge gorar ya ɓalle murfin ya kai bakinta. Ta datse haƙora ta kawar da kai.

"Ke! Sha mana!"

Da wata murya kamar ta mai barci ta ce, "Azumi nake, Yaya."

Sanda ya dafa kai da hannu biyu.

"Azumin me?" Rilwanu ya daka mata tsawa. "Yau Litinin ce ko Alhamis? Azumin me kike yi a kan dutse? Da ke nake!"

Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta jawo gefen hijabi ta rufe fuska. Yarinyar da ta kasa ɗaga kanta, ta iya ɗaga hannu ta ɓoye idonta daga yayanta. A nan na gane. Ramuwa ce. Kwanakin da ta sha a azumin bara saboda al'ada, ga wani azumin ya ƙarato.

Na ce, "Baban Ummi, ba ni gorar. Kai da Alhaji Sanda ku koma bayan dutsen can."

"Ƙanwata ce fa!"

"Shi ya sa. Ku tafi, na ce!"

Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba. Ya kalle ni kamar bai san ni ba. Sanda ne ya kama hannunsa ya ce, "Khalas, shi ke nan, zo mu je, Madam ta fi mu sani." Na roƙi jagoran ya riƙe mana mayafina ya tare rana, ya kuma juya baya. Bai tambayi dalili ba. Wata 'yar Filifin ta jiƙa hankici ta miƙo, na shafa wa Mahfuza a wuya da hammata, na zuba garin gishiri da sukari a gorar na girgiza.

"Sun tafi. Ni ce kaɗai. Ramuwa ce ko?"

Ta ɗaga kai a hankali. Ko hawaye babu a idonta, ruwan yin su ya ƙare.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"A gida tare muke cin abinci da Yaya. Zai tambaya." Ta haɗiye abin da babu. "A makaranta nake yi a ɓoye. Saura kaɗan, ga wata ya kusa. Na ce a nan ba wanda zai lura."

"Ko sahur kin yi?"

"Za ku ji motsi a kicin."

Na ce innalillahi. Na tuna yadda 'yan mata suke a gidansu Rilwanu, har a cikin watan azumi: wadda ba ta salla ma sai ta tashi sahur ta zauna, don kada mazan gidan su gane. Ni ma haka na taso. Amma ban taɓa tunanin abin zai bi mu har saman dutse a ƙasar Larabawa ba.

Na kai gorar bakinta. Ta sake kawar da kai.

"Anti, na riga na ci rabin yini. Magariba ta kusa."

"Magaribar da ba za ki gani ba? Allah da ya ce ki rama bai ce ki kashe kanki ba. Ni ma ana bi na na shayarwa, sai bayan Salla zan biya, in da ciyarwa a ciyar. Sha."

Idonta ya fara lumshewa, kanta yana yin nauyi a hannuna. Na ga Hajiya a idona, na ga kaina riƙe da waya ina neman abin da zan ce mata. Wa'azi ba zai yi ba. Na mari kuncinta kaɗan, na sa bakina a kunnenta.

"Saurara da kyau, Mahfuza. In kika suma, jirgi zai zo. Maza ne za su ɗaga ki, su cire miki hijabi. A asibiti likita zai tsayar da yayanki a gaban gadonki ya tambaye shi yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe. Shi kuma ya juyo ya tambaye ki. Ga Alhaji Sanda a tsaye, gobe duk Naif sun ji. Ko ki sha a hannuna, ko wannan. Zaɓi."

Idonta ya buɗe gaba ɗaya.

"Yaya za a tambaya?"

"Shi ne waliyyinki a nan. Wa kike so a tambaya?"

Ta buɗe baki.

Kurɓi-kurɓi na riƙa ba ta, kamar yadda nake ba Ummi magani, jagoran yana cewa a hankali kada ta amayar. Sai da aka jima na ga gumi ya tsattsafo a kan hancinta. Wallahi ban taɓa murnar ganin gumin mutum irin ta ranar ba. Ta ci dabino, ta zauna da kanta. Mataimakin jagoran ya wuce da sauran mutanen, jagoran kuma ya sauko da mu ta wata hanya mai faɗi, ni a gefenta shi a gaba, muna tafiya muna hutawa. Rilwanu ya ɗauki jakarta a kan tasa.

Daga gindin dutsen asibiti muka wuce, aka ƙara mata ruwa. Ni na shiga da ita, na bar mazan a waje. Da na fito Rilwanu ya tare ni a baranda, murya ƙasa-ƙasa.

"Wai azumin mene ne?"

"Ramuwa."

Mutum da mata har da 'ya, amma sai da ya ɗau lokaci kafin maganar ta shige shi.

"To don me ba za ta faɗa ba?"

"Cikin ƙannenka mata, wacce ka taɓa jin ta faɗa?"

Ya zauna a kan benci yana kallon ƙurar da ke takalminsa.

Da na je ɗaukar Ummi, Saratu ta ce, "Ke lafiya?" Na rungume yarinyar na ƙi sakinta har ta fara kuka.

Bayan Salla da 'yan kwanaki muna cin abinci mu uku, na ajiye cokali na ce, "Baban Ummi, gobe ni da Mahfuza muna ramuwa. Ka ci naka a ofis."

Mahfuza ta ƙware da shinkafa, ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Rilwanu bai ɗago daga farantinsa ba, kunnuwansa kawai na ga suna motsi. Ya ce, "To."

Washegari dab da magariba ya shigo da leda, dabino da nono mai sanyi roba biyu. Ya ajiye a kicin, ya ce shi ya tafi masallaci. Na leƙa ɗakinta na ce ta fito, yayanta ya kawo mana abin buɗa baki. Sai da ta tabbatar ƙofar waje ta rufu sannan ta fito.