Ƙafar Alhaji Karimou a Cikin Roba

A watanta na biyu a makarantar zane da sassaƙa ta Sainte-Rita, Saoudatou ta riga ta kashe curin filasta uku. Malaminsu, Mushe Latif, ya ba kowane ɗalibi kurfi, wato ƙarfen sassaƙa, da ƙaramar guduma, ya ce su kwaɓa filasta, in ta daskare su sassaƙa wani sashe na jikin mutum.

Saoudatou kai ta so yi. Mahaifinta, Alhaji Karimou, mai manyan motoci biyu da ke jigilar albasa daga Malanville, ya ce ba a gidansa ba.

"Fuska ba za ta kwana ƙarƙashin rufina ba. Ki yi ƙafa. Ban taɓa jin an bauta wa ƙafa ba."

Ƙafar ma ta gagare ta. Hannunta nauyi gare shi. Da ta kai kan yatsu sai ta ji ƙas, ɗaya ya faɗi. Mushe Latif ya ɗaga ta ukun, ya jujjuya, ya tambaye ta ko jirgin ƙasa ne ya bi ta kan mai ita.

Wata 'yar ajinsu, Nawal, ta raɗa mata dabara: ta sa ƙafar mutum cikin ɗanyar filasta, in ta daskare a zare ƙafar, a zuba sabuwa cikin ramin, a ɗan kankare ta da kurfi kamar sassaƙa ce. Nawal ta ambaci shafa wa ƙafar man kaɗanya da raba abin gida biyu, amma mai zemijan, wato ɗan acaɓan da zai kai Saoudatou unguwar Zongo, yana ta matsa ham, ba ta tsaya ji ba.

Ranar Asabar bayan azahar, Alhaji da kansa ya miƙa tasa ƙafar. Ya ce kaf unguwar babu mai dunduniya irin tasa. Ya zauna a tsakar gida, ya naɗe wando, ya sa ƙafar dama cikin robar wanki, ita kuma ta zuba har saman idon sawu.

Can ya gyara zama. "Saouda, abin nan ɗumi yake yi."

"Haka take yi in za ta kama, Baba."

Ta kuwa kama. Da ya ja ƙafa, robar ta taso tare da shi. Ya sake ja, gashin ƙwaurinsa ya amsa, ya yi salati a hankali. Hajiya Labiba, matarsa, ta fito daga madafa, ta duba, ta koma ciki. Daga nan suka riƙa jin dariyarta tana fita ta taga.

"Hajiya, ina jin ki," in ji Alhaji.

"Albasa nake yankawa, Alhaji."

Aka kira la'asar a masallacin bakin layi, inda shekara ashirin ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba. Saoudatou ta yanka robar da wuƙa, ta durƙusa da kurfi da guduma.

"A ina babban yatsanka yake, Baba?"

"Inda Allah ya ajiye shi. Ki bar shi a nan."

Ta fara daga gefe, tana ɓantara kaɗan kaɗan, tana share gari da yatsa kafin ta sake bugawa. Duk bugun da ya yi ƙarfi, Alhaji ne ke sanar da ita. Awa ɗaya da rabi ta yi kafin yatsu biyar suka fito, farare fat, babu wanda ya ɓata. Gashin dai ya tafi da filastar.

Ya yi la'asar a ɗaki, ya fita magariba da safa a ƙafa ɗaya. Da liman ya tambaya, ya ce sanyi ne ya kama shi a ɓari guda.

Washegari Saoudatou ta kwaɓa curi na huɗu, ta zauna da kurfi tana kallon tata ƙafar. Kwana shida ta yi a kai. Ta fito gajera, dunduniyar kamar doya, amma yatsun sun cika. Mushe Latif ya ba ta sha ɗaya bisa ashirin, ya ce mako mai zuwa hannu za su yi.