Matashin Kai a Motar Safe

Da hantsi, rana ta fara cizo, mai aski yana zaune gaban likita, hannunsa na dama ya langaɓe daga wuyan hannu kamar ganyen da ya yi yaushi. Jiya injin aski ya suɓuce masa, ya share wa wani ango titi a tsakiyar kai. Mai shago ya ce in hannun bai miƙe ba, kujerar ta wani ce.

"Kana da ciwon suga?" in ji likita.

"Ko shayi ban cika sa wa ba, ranki ya daɗe."

"Giya fa? Faɗuwa? Wani magani da ka daɗe kana sha?"

Duk ya girgiza kai. Likita ta matsa bayan damtsensa.

"Jijiyar nan danne ta aka yi. Matarka na kwana a kan hannun?"

"Ai ko budurwa ban da ita." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai Baba Mai Jaka."

"Wane ne shi?"

"Ban san shi ba. Motar safe muke shiga tare. Wurin ya matse, sai in miƙa hannu a bayan kujera, shi kuma ya ɗora kai. Kansa kuwa, tubarkalla."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Ga hanyar da nisa."

"Ba ka taɓa tashinsa ba?"

"A shekaru ya haife ni fa. Kuma barcin nasa da daɗi, har murmushi yake yi."

Likita ta ajiye biro ta dube shi.

"To zaɓi ɗaya: barcinsa ko sana'arka. Jijiyar za ta farfaɗo in ka bar ta ta huta."

Washegari ya shiga mota da maganarsa a shirye, ya yi bitarta a zuci har ta zauna. Dattijon ya hau yana nishi, rungume da jaka.

"Matsa, ɗana."

"Baba, dama ina so in ce..."

"Uhm?" Idanun sun riga sun fara lumshewa.

"Ku dawo ta taga, ta fi iska."

Suka yi musanya. Mai aski ya kwantar da hannun dama a cinya, ya miƙa na hagu a bayan kujera. Kafin mota ta bar tasha kan Baba ya sauka a hannun, dattijon ya ɗan mutsuttsuka yana neman wurin da ya saba.

"Wannan bai kai wancan laushi ba," ya ce, ya ja minshari.