Kanumfarin Mushe Sa'idu

Tsoho Illo ne ya fara gani, kafin kowa a Tamanrasset. Mutumin da ya taɓa ketare hamada a ƙasa bayan raƙuminsa ya mutu, me zai ɓuya masa? Bai taɓa taka lekkol, wato makarantar boko, ba, amma yana karanta mutum tun daga nesa.

Bayan tafiyar Faransawa aka turo Mushe Sa'idu daga arewa, ya koyar a lekkol ɗin unguwar Tahaggart; "Mushe" ake ce wa malamin lekkol, daga Faransanci. Saurayi ne mai fara'a, sai ga shi yana ramewa. Kullum sai ya tsaya a rumfar Illo ya sayi kanumfari, ya cika baki da shi.

Wata ranar Alhamis ya ce, "Baba, yau sallama na zo yi. Kamiyo, babbar motar kaya, zai tashi zuwa In Amguel jibi, zan bi shi."

Illo ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Wa ya kore ka, ɗana?"

"Yara. Ina son aikin nan, wallahi, amma su ba sa so na. Da na matso sai su rufe baki da hannu, su kau da kai. Na tauna kanumfari har harshena ya mutu, har yanzu wari suke ji."

Illo ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Kai, Mushe! 'Ya'yan Buzaye ne fa. Buzu ba ya buɗe baki gaban wanda yake jin nauyinsa. Uwayensu da rawani suke rufewa, su ba su kai ɗaurin rawani ba, sai hannu. Ni da na tsufa cikinsu, ko akuyarsu ba ta taɓa rufe mini baki ba!"

Mushe ya yi tsaye, ya tofar da kanumfarin.

Ranar Asabar ya shiga aji da hannunsa a baki, ya kau da kai, ya gaishe su. Yara suka kalli juna. Mairama, 'yar gaban aji, ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka bi, hannuwa duk suka sauka. Kamiyo ya tafi ba shi.

Yanzu kumatunsa sun ciko, yana tafe yara na biye. Kanumfari kuwa ya daina saye, Illo bai damu ba.

Wanda ya musa, in ji Illo, ga hanyar Tahaggart nan. Ya je ya sansana bakin Mushe da kansa, ya dawo su yi magana.