Rangwamen Bahodir-aka

Kamfaninmu yana saman wani tsohon bene a unguwar Yunusobod ta birnin Tashkent, ƙasar Uzbekistan, a ƙasan benen kuma akwai likitan haƙori. Aikinmu riƙe rajistar sunayen shafukan intanet. Mutum ya zo ya yanki suna na shekara, mu rubuta cewa nasa ne, duk wanda ya buga sunan a wayarsa na'urarmu ta nuna masa hanya. Idan shekara ta cika bai sabunta ba, a ɗan jira shi, sannan a saki sunan, wanda ya riga ya ɗauka. Haka dai dokar take a rubuce. Ni ne Sanjar, mai kula da na'urorin.

Manhajar da ke tafiyar da wannan duka, shugabanmu Bahodir-aka ne ya rubuta ta da hannunsa tun yana saurayi, kafin tumbi da kujera su same shi. A wurinmu "aka" kamar "yaya" ne, ana liƙa wa sunan na gaba don girmamawa. Ya zuba komai a wuri guda, doguwa kamar hanyar zuwa garin Nukus, kuma ya raɗa wa sassanta sunayen 'yan ƙwallon da yake ƙauna a lokacin. Duk ma'aikacin da ya zo bayansa bai taɓa rushe komai ba, sai dai ya manna nasa ɗakin a gefe ya roƙi Allah kada rufi ya faɗo a zamaninsa. Bahodir-aka kuwa yana maganarta kamar 'yarsa ta fari da ta auri minista.

Da bazara aka ɗauki Mohira. Ta yi shekaru tana rubuta wa wani banki manhaja, kuma a can ta baro duk wata kunya da iyayenta suka koya mata. Ranar da ta fara, Bahodir-aka ya zuba mata koren shayi da kansa.

"Ba gyara za ki yi ba, ƙanwata, domin babu abin da ya lalace," in ji shi. "Ɗan goge ƙura ne kawai, yadda na baya za su iya karantawa."

"To, aka. In na tarar da gawa a ƙarƙashin ƙurar fa?"

Ya yi dariya, ya ce yana son ma'aikaci mai barkwanci. Ni da na kalli fuskarta ban ga barkwanci ba.

Haka ta kwashe bazara da watannin zafi tana aikin da ba ya ganuwa. Ta ware wannan sashe daga wancan, ta ba kowanne suna irin na mutanen kirki, ta rubuta gwaje-gwajen da za su tabbatar sabon yana yin abin da tsohon ke yi. Abin da take gogewa ya fi abin da take rubutawa. Wata rana Bahodir-aka ya leƙa ta bayanta, ya ga manhajarsa ta rame.

"Na ɗauke ki ki rubuta, kina ta sharewa. Da na sani ai da mai shara na ɗauka."

"Mai shara za ta nemi ƙarin albashi in ta ga wannan, aka."

A ƙarshen watan Agusta ta kira ni, ta nuna mini wani ɗan layi.

"Sanjar-aka, karanta mini wannan. Wataƙila idona ne."

Sashen da ke sakin sunayen da wa'adinsu ya ƙare ne. Na karanta, na sake karantawa. Ashe ba ya duba rana, ba ya duba wata, shekara kaɗai yake dubawa. Sunan da ya mutu a watan Maris yana nan yana yawo da rai har sabuwar shekara ta shigo. Mutanen gari kuwa ba wawaye ba ne. Tuntuni suka gano cewa wasiƙunmu na barazana iska ne, babu abin da ke faruwa sai Janairu, don haka kowa ya ɗage biya zuwa Disamba. Mu a ofis mun san Disamba da cunkoso, amma ba mu taɓa tambayar dalili ba, saboda Bahodir-aka ya riga ya ba mu dalili. Har lacca ya taɓa gabatarwa a wani taro, inda ya bayyana cewa ɗabi'ar mutanenmu ce, ba sa ciro kuɗi sai sun ga dusar ƙanƙara. An tafa masa.

Muka shiga ofishinsa tare. Mohira ta yi masa bayani a hankali, kamar mai gaya wa uba cewa an kama ɗansa da sigari.

"Manhajata tana bin doka," in ji shi.

"Sabuwar ce ke bin doka, aka. Ranar da muka kunna ta, duk wanda wa'adinsa ya wuce tun farkon shekara sunansa zai faɗi a take. Ka bar ni in aika wa mutane gargaɗi, mu ba su wata guda."

"Gargaɗin me? Mu ce musu me? Cewa shekara da shekaru muna kan kuskure?"

"Za mu iya cewa hakan, tunda gaskiya ne."

"Ƙanwata, wanda bai biya ba shi ya jawo wa kansa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Bai tambayi yawan tsuntsayen ba. Abin da ke gabansa daban ne. Wasu baƙi daga ƙasar waje za su zo ranar Litinin su duba ko muna bin ƙa'idojinmu, kuma ya riga ya rubuta musu cewa ya sake gina manhajar daga tushe. Shi ya gina, ka ji. Yana son su same ta tana aiki.

"Sanjar-aka shaida ne," in ji Mohira. "Ka ce a kunna ranar Litinin, babu gargaɗi."

"Na ce. Kuma ku sa tufafi masu kyau."

Da safiyar Litinin, kafin ta taɓa komai, Mohira ta kwafi rajistar gaba ɗaya ta adana a gefe. Sannan ta kunna. Babu abin da ya yi ƙara. Na aika aka sayo mana somsa, samosarmu ta nan, muka ci da zafinta. Baƙin suna ɗakin taro, Bahodir-aka yana nuna musu zane-zane masu kibiyoyi.

Wayar farko ta wani mai sayar da tayoyi ce. Ta biyu ta wata makarantar koyon tuƙi. Daga nan ban ƙara iya bambancewa ba, domin duk wayoyin ofis suna kuka tare. Likitan haƙori na ƙasa, da shi ma shafinsa ya ɓace, bai ma kira ba, hawowa ya yi da safar hannu da abin rufe baki, ya tambaya cikin ladabi wane ne daga cikinmu zai so ya fara zama a kujerarsa. Sunaye dubbai ne suka faɗi.

Sai wayar Bahodir-aka ta kansa ta yi ƙara a tsakiyar jawabi. Ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka, ya fito baranda da hannu a ƙirji kamar tana ganinsa. Surukarsa ce, Hoji-ona, wato Hajiya Inna, mai babban zauren biki a unguwar Chilonzor. Kaka ta shigo, lokacin da rabin Tashkent ke aure, ɗaya rabin kuma na cin abincin auren. Muryarta na fitowa daga wayar har inda nake.

"Ɗana, wata mata ta kira ni yanzu. Ta ce ta buɗe shafinmu don ta ga zaure, sai ta ga tsuntsu. Ni salwa nake sayarwa ban sani ba?"

"Ona, ƙaramar tangarɗa ce…"

"Ba kai ka ce in cire hannuna daga zancen sunan nan ba, kai za ka riƙa sabuntawa?"

Shi ne kuwa. Kyauta ya yi mata da sunan shekarar da ya auri 'yarta, kuma kamar kowa a garin, Disamba yake jira.

Baƙin nan sun ga komai ta gilashi. Da suka nemi bayani, Mohira ta faɗa musu a taƙaice. Babbansu ya jinjina kai, ya riƙe hannun Bahodir-aka da hannu biyu, ya ce ya zagaya ƙasashe da yawa amma bai taɓa ganin rajistar da ke aiwatar da doka a kan dangin shugabanta ba. Bahodir-aka ya yi godiya da fuskar wanda ya haɗiye ƙashi.

Kafin la'asar Mohira ta mayar wa mutane sunayensu daga kwafin da ta adana. Amma wanda wani ya riga ya yanka bisa ƙa'ida ba ya ƙwatuwa, musamman a ranar da aka yaba maka da bin ƙa'ida. Yawancin waɗannan mutum ɗaya ne ya kwashe su: Otabek-aka, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya ya koma kiwon salwa. Yana da wata 'yar manhaja da ke gadin rajistarmu tana cafke duk suna mai kyau da ya faɗi. Shekara da shekaru Janairu ce kakarsa. Wannan karon girbi ya zo masa a Satumba, har cikin gida. Duk sunan da ya kama, hoton salwarsa yake ɗorawa.

Da yawa ya sake su ba tare da ja-in-ja ba. Na Hoji-ona ne ya ce sai an zauna.

Washegari muka haɗu a wani gidan shayi. Bahodir-aka ya tafi da ni don in yi bayanin fasaha, Hoji-ona kuma ta taho da kanta don ta daina yarda da bayanin kowa. Otabek-aka ɗan siriri ne mai farar hula, da salwa guda a cikin hannun rigarsa, kanta kaɗai ke leƙowa. Ya gutsuttsura burodi, ya zuba shayi, ya tambayi lafiyar kowa har jikoki.

Bahodir-aka ya fara da dogon bayani a kan amana da zumunci da martabar sana'a.

"Gaskiya ne, ƙanena," in ji Otabek-aka. "Ni ma dokarku na bi. Na karanta ta sosai. Wanda ya rubuta ta mutum ne mai tsauri."

"Bar shi, malam," in ji Hoji-ona. "Ni za ka yi wa magana. Me kake so?"

"Kuɗi ba ya gabana, Hoji-ona. 'Yata ce za ta yi aure wata mai zuwa. Na zo zaurenku, yaranki suka ce babu Asabar ko ɗaya har sanyi ya shigo."

Hoji-ona ta juya kofinta.

"Akwai Asabar guda," ta ce. "Na ajiye ta ne don wani ɗan gida zai cika shekara hamsin."

Bahodir-aka ya ɗago. Watanni yana shirya wannan biki. Ya kama mawaƙa, ya ɗinka kwat, ya sa an haɗa ɗan fim na tarihin rayuwarsa wanda ni na sha wahalar haɗawa.

"Ona, ai an riga an raba katin gayyata."

"Sai ka aika musu gargaɗi, ɗana. Wata guda ya isa kowa."

Ban san wanda ya kai mata wannan zance ba, kuma ban bincika ba. Na dai san Mohira da matar Bahodir-aka wurin gyaran gashi ɗaya suke zuwa.

Aka shafa fatiha, aka sha hannu. Kafin mu iso ofis tsuntsun ya sauka daga shafin, hoton zaure da fitilunsa ya dawo.

Da yamma Bahodir-aka ya tsaya a teburin Mohira. Bai zauna ba.

"Ki mayar da shi yadda yake."

"Kuskuren?"

"Rangwamen. Mutanenmu suna bukatar a tausaya musu. Tun farko da wannan niyya na tsara shi."

"Ashe. To me ya sa ba ka rubuta hakan a gefe ba, aka?"

"Alheri ba a yi masa shela, ƙanwata."

Ta mayar da shi. Amma ba ta iya aikin ƙazanta ba ko an roƙe ta. Ta ware masa sashensa na kansa, ta ba shi suna, ta rubuta bayani, ta haɗa masa gwaje-gwajen da ke tabbatar da cewa yana yin kuskuren daidai, babu ragi babu ƙari. Aka gyara dokar ta dace da shi. Sati na zagayowa sanarwa ta fita cewa kamfaninmu, bisa hangen nesan shugabansa, ya ƙaddamar da Rangwamen Ƙarshen Shekara. Wasiƙun godiya suka yi ta shigowa. Likitan haƙori ya aiko da kankana. An ba Mohira takardar yabo saboda saurin aiwatar da umarni, ta sa ta ƙarƙashin tukunyar furenta don ruwa ya daina ɓata tebur.

Ranar Asabar ɗin muka je cin osh na safe, dafa-dukar shinkafa ta biki, a zauren Hoji-ona, domin Otabek-aka ya gayyaci mazan ofis duka, kuma ba a ƙin irin wannan gayyata. Shinkafar ta yi kyau, naman rago har yana narkewa. Bahodir-aka ya zo da sabuwar kwat ɗinsa, aka zaunar da shi tsakanin wasu dattawa biyu da ba su san shi ba. Ɗaya ya tambaye shi ko shi ɗan uwan ango ne. Ya ce a'a, shi dai ya taimaka wajen samun zauren.